Lambun Inna Tasalla

Na taho da zane naɗe cikin jaka,
Na baje shi tsakar gidanmu na Rafindaɗi,
Duwatsun murhu suka danne kusurwa uku,
Ta huɗun na take da takalmina.

Na ce nan ciyawa, kore shar irin ta otal,
Nan furanni ja da rawaya, sahu-sahu,
A sare tsohuwar dalbejiyar can,
A kafa rumfar ƙarfe ta tare rana.

Inna Tasalla na bisa tabarma da carbinta,
Shekara shida ke nan yana ta rufe mata ido.
Ta ce, "Mannir, miƙo takardar in gani."
Ta shafa gaba, ta shafa baya,
Ta kai ta hanci ta shinshina.

"Lambun naka ba ya ƙanshin komi."
Rabe magini ya kau da kai yana tari,
Dariya ce ya haɗiye, bai yi magana.

Ta miƙe ta dafa kafaɗata, ba sanda.
Taki sha ɗaya daga ɗaki zuwa randa,
Bakwai daga randa zuwa madafa,
Da tafin ƙafarta muka auna.

"Nan hantsi ke fara taɓa mini ƙeya,
Nan inuwa ke sauka bayan azahar,
Nan ruwa ke kwanciya in an yi marka.
Duba takardarka, duk ka zana?"

Ban zana ba.
Ni da ke da ido biyu da tabarau,
Ban san gidan da na yi rarrafe ba
Sai ɗakin da nake kwana.

"Dalbejiya kuwa, ubanka ya dasa ta,
Da hannunsa, yana ba ta ruwan alwala.
In ka sare, wa zai taya ni hira?
Ita da kai rana ɗaya kuka sami suna."

Sai muka koma farko.
Ciyawar otal shan ruwa gare ta,
Famfonmu kuwa sai ya ga dama,
Kurar ɗan garuwa ba sadaka ba ce,
Kowa ya san bazarar Katsina.

Rabe ya daɓe hanya, ya sha ta da makuba,
Sumul, faɗin mutum biyu kafaɗa da kafaɗa,
Ya zuba tsakuwa a gefe da gefe,
In ƙafa ta kauce, tsakuwa ta nuna.

Ɗoɗɗoya a bakin ƙofar ɗaki,
Na'ana'a a gindin randa inda take tsatsafo,
Lalle a jikin katanga inda hanya ta karya,
Lemun tsami can nesa saboda ƙaya,
Zogale daidai hannu kusa da madafa,
Dakali daidai gwiwarta, don ta zauna.

Akuyar Gambo ta shigo ta cinye dashen fari,
Gara ta sha na biyu tun daga saiwa.
Inna ta ce, "Barbaɗa toka, ja ƙyaure,
Mai gaggawa ba ya gona."

Ta sa a aje kasko da ruwa a gindin itace,
Ba don kowa ba, don kurciya,
Wai ta ji su suna gardama da asuba.
Haka muka lallaɓa har damina.

Daren da na komo aka ɗauke wuta,
Wayata ta mutu tun a Kankiya.
Na shigo zaure ina lalube,
Na yi tuntuɓe da buta, na bugi bango,
Sai muryarta daga dakali: "Tsaya nan, ɗana.

Ka ji lalle? Bi shi, ka karya dama.
In ka ji tsakuwa, ka kauce hanya.
In na'ana'a ta tare ka, ka iso."
Na lumshe ido, tunda ba su da rana,
Na bi hancina har gabanta na zauna.

Takardar fa? Tana nan, ba ta ɓata ba,
Tana soke a rufin madafa.
Irin yakuwa ta ƙunshe a ciki,
Wai sai baɗi, in Allah ya kai mu da kwana.