Ta Ƙofa

Fayil ɗin Zulai kore ne.
Yana saman firij, an danne shi da gwangwanin madara
don kada fanka ta yi gaba da shi.
A ciki akwai fegina na Rigasa,
ya narke ya zama rasit bakwai.
Akwai shekara huɗu na aikin dare a asibiti,
da jarrabawar Turanci da ta ci a zama na biyu,
da hoton ƙirjinta, fes, babu tabo.

Ni na ce mata: ba ta hamada ba, ba ta teku ba.
Ta ƙofa za ki shiga, da sallama.

Jiya bayan isha'i rediyo ya ce
mutanen can zaɓe ya ƙarato musu.
Wani ya ce zai rage masu shigowa da rabi.
Abokin karawarsa ya ce rabi wasa ne.
Kamar dillalai a Zango ana jibi Sallah,
sai dai su ƙasa suke yi da tayi,
kuma abin tayin 'yata ce.

Ba masu haura katanga suke nufi ba.
Masu layi, masu hatimi.
Wai mai zuwa ta bar miji da goyo a gida.
Hannun da zai juya tsohuwarsu a kan gado suna so,
bakin da ya biyo hannun ne ya yi musu yawa.

Zulai ba ta tanka ba.
Ta ci gaba da gugar farar rigarta.

Da safe a Kasuwar Barci
na zauna wurin Saini mai gyaran agogo,
Bazabarme, shekara talatin a rumfa ɗaya,
takardar zamansa cikin leda, a aljihun gaba.
Na zazzage masa duk abin da ke cikina.
Ya bari na gama.
Bai ko cire gilashin ido ba ya ce:
"Malam, bara da ɗan takara ya tsaya a layin nan
ya ce baƙi sun cinye rumfuna,
na ga hannunka cikin masu tafi."

Agogo goma sha ɗaya a teburinsa,
kowanne da nasa lokacin.
Na rasa wanda zan duba in ce na makara.

Na sauka a Keke tun kafin gida,
na ƙarasa da ƙafa.
Daga zaure ta ce, "Baba, an ƙara cewa wani abu?"
Na ce, "Suna ta lissafi."
Na ɗaga gwangwanin, na share ƙurar fayil,
na mayar da shi.