Dillalin da Ba Ya Karɓar La'ada

Tun asuba na bar Agege.
Danfo ya matse ni da wata mai kwandon kifi,
na iso Akoka gyalena yana ƙarni.

A ɗakin gwaji kwalba na jirana tun jiya:
sinadarai biyu cikin ruwa ɗaya,
sun kwana tare,
ba wanda ya ce wa ɗan'uwansa sannu.

Dakta Oyelaran ta ce faladiyam ya fi ƙarfin aljihunmu,
dala ta hau bishiya ta ƙi saukowa,
kuma ƙarfe in ya shiga magani
sai an sha wanki kafin ya fita.
Ta miƙo mini farin gari a bakin cokali.
Furolin.
Wai a fatata ma akwai shi,
har a romon ƙafar saniya.
Abin da na auna bai kai gishirin miyar gwauro ba.

Sai na tuna Baba Tanimu
a layin albasa na Mil Sha-biyu.
Ko buhu ɗaya ba nasa.
Ya kama hannun mai kaya daga Aliero,
ya kama na Iya mai saye,
raɗa nan, raɗa can,
albarka ta koma na sallama,
ya kaɗe riga, ya nufi mota ta gaba.

Haka farin garin nan yake.
Ya riƙe ɗaya, ya juya masa fuska,
ɗayan ya matso, aka ɗaura,
ya zame, ya nemi wasu biyun.
Abin da suka haifa kamar takalmi ne,
da na dama da na hagu,
jikin mara lafiya kuwa ƙafa ɗaya ya miƙo.
Shi ya san wacce.

Da azahar aka ɗauke wuta.
Injin juyawa ya tsaya, janareto ba mai.
Na riƙa girgiza kwalba da hannu
ina kallon masunta a kan tafki
har kafaɗata ta yi tsami.

Kwana uku, sakamako ya fito.
Na kira Baba ina kan gada, cikin cunkoso,
na ba shi labarin abokin sana'arsa.
Ya ce, to nawa ne la'adarsa?
Na ce ko kwabo,
yadda ya shiga haka yake fita.

Ya yi dariya har da tari.
Ya ce, wannan dai ba ɗan Ikko ba ne.