Wayar Ƙasa

Batir na uku ke nan tun farkon damina,
in ji Baba Dogara.
Daga Kakuri ya turo shi, gumi har cikin takalmi,
ya jingina shi bakin rumfata a Panteka
kamar mai kawo ƙarar ɗansa.

Babur ne na zamanin da masaƙa ke busa jiniya,
jan fentinsa ya koma launin tukar goro,
sirdi ɗaure da robar tayar keke.

Na ce, Baba, batir ba ya mutuwa haka siddan,
ko yunwa ta kashe shi, ko ƙoshi.

Na cire murfin gefe, wari ya tarbe ni,
warin ɓaragurbin ƙwai.
Cikin batir ya kumbura, ruwansa ya ƙafe.
Na ɗora nawa na gwaji, na jawo mita,
jar waya nan, baƙa can.
Sha biyu da ɗigo shida, inji na barci.
Tawai, yarona, ya taka kik,
a na uku ya yi tari ya tashi.
Na ce ja mai. Ƙara.
Sha huɗu. Nan ya kamata allura ta yi birki.
Sha biyar. Sha shida. Sha bakwai,
ƙwan fitila ya yi fari fat,
ya ce ɗas, ya mutu.

Ƙoshi ne, Baba.
Kwayil ba ta san ya isa ba, haka aka yi ta,
iya gudun inji, iya wutar da za ta haifa.
Rigileta ne mai rabon tuwo,
ya ba batir daidai cikinsa,
ragowar ya zubar.
Naka ya tsufa, ya daina zubarwa.

Na faɗa da ƙarfi, har da buga ƙirji,
shekara ashirin da biyu ina cin abinci da waya.
Ya kwance bakin aljihu, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa,
kuɗin fansho ba ya son fitowa rana.
Tawai ya ruga layin 'yan kaya ya dawo da sabo a kwali.

Muka ɗaura. Ja mai.
Sha bakwai.

Tawai ya sunkuyar da kai yana wanke sifanar da ba ta da datti.
Mai walda na maƙwabta ya ɗaga gilashinsa.

Na sauke tanki, na bi waya da yatsa
ɗaya bayan ɗaya, ban ce uffan ba,
har na iso kan koriya,
'yar siririya, maƙale da ƙarfen jiki,
notinta ya yi tsatsa kamar busasshen jini.

Baba ya leƙo. Af, ya ce,
shekarar da kogi ya shigo mana ɗaki,
kwana biyu ya yi a ruwa.

Samfefa ta naira ɗari.
Na goge har ƙarfe ya yi murmushi,
na ɗaure tamau.
Sha huɗu da ɗigo biyu, ta tsaya cak.
Na cire sabon, na mayar da tsohon da na yi wa ƙazafi.
Sha huɗu da ɗigo uku.
Ashe lafiyarsa ƙalau,
hanyar zubarwa aka toshe masa.

Na mayar wa Baba kuɗinsa,
kwali kuwa ya zama nawa, ni da mai kaya gobe.
Ya daɗe yana kallon wayar nan.
Ya ce, likita ma haka yake ce mini,
jinina hawa yake, ba ya sauka.
Tun da aka rufe ƙofar masaƙa
ban gaya wa kowa komai ba.

Ban da mitar da ke auna wannan.
Na sa masa sabon ƙwai, na ba shi aron batirina.

Magariba ta kawo jiki.
Ya hau, ya nufi gada,
fitila na gabansa rawaya-rawaya,
ba ta ƙara, ba ta raguwa.