Goyon Ƙanƙara

Salmanu, cire wannan takalmin.
Na birni ne, santsi gare shi,
ajiye shi sai Juma'a a Garwa.
Ga nawa na tsohuwar taya,
ya san duwatsun Mogode
tun kafin ka iya tsayuwa.

Da asuba muka bar asibiti,
akwatin sanyi a bayanka,
allurai arba'in kwance a ciki.
Duk ƙanƙarar da dutsen nan zai gani bana
ita ce wadda ka goya,
rana kuwa ta rantse sai ta mai da ita ruwa.

Da sauri ka soma. Ban hana ka ba.
Na bar ka har gindin tsamiya,
can na iske ka dafe da gwiwa
kana huci kamar zugazugin maƙera,
kana cewa, Inna Tasalla, da saura?
Yaro, sallama kawai muka yi wa dutsen,
ko amsawa bai yi ba, balle gaisuwa.

To, saurara.
Gajarta taku, kamar mai auna fili da ƙafa.
Kada ka tunkare shi gaba da gaba,
ba ya son mai gadara.
Dubi akuyar can, ta karkata dama,
ta dawo hagu, tana tafe tana tsinkar ganye,
ga ta can sama ba tare da ta yi zufa ba.
In ka kasa ba ni labari kana tafiya,
ƙafarka ta wuce numfashinka, jira shi ya iso.
Ruwa kurɓi biyu, rufe gora.
Daina ɗaga kai kana neman ƙololuwa,
ba inda za ta, tana nan tana jiran kowa.

Wancan jerin duwatsun, kada ka taka.
Kakan wani ya ɗora su ɗaya bayan ɗaya
don ƙasa ta zauna, dawa ta sami wurin tsayuwa.
Kewaya.

Nan tsohuwa Kwanye ta wuce mu,
tulu a kanta, jika a bayanta.
Ta dube ka, ta dube ni, ta yi wata magana da Kapsiki.
Ka ce in fassara. Na ƙi.
Wata rana za ka iya yaren, ka ji haushi,
sannan ka yi dariyar da na yi ta ɓoyewa.

Hantsi ya ɗaga muka isa.
Ka buɗe akwatin hannunka na rawa:
ƙanƙara ta rage kamar ɓarin goro,
amma tana nan.
Yara talatin da bakwai suka yi kuka,
uku sun gudu cikin gero, Deli ya kamo biyu.
Ka zauna kan falalen dutse ka yi shiru,
tsaunuka tsaye a gabanka kamar taɓarya a turmi,
iska tana busar maka da riga.
Ban tambaye ka abin da kake tunawa ba.

Na gaya maka gangara ta fi hawa cin gwiwa.
Na ce karkace, dasa dunduniya, ji tsoron tsakuwa.
Ka ce ka gani a waya,
wai a wata ƙasa dutse fari ne fat,
mutane na ɗaura katako a ƙafa su sulalo.
Ba ka rufe baki ba tsakuwa ta ɗauke ka,
ka sulalo da mazaunai har gonar wake,
akwatin a rungume a ƙirji, wando ya yage.
To ga naka, ba katako, ba biyan kowa.

A ƙasa na miƙa hannu in karɓi takalmina.
Ka ce igiyarsa ta saki, za ka gyara,
ka kawo mini ranar Laraba.
Ban ce komai ba.
Laraba ce ranar da za mu koma hawa.