Gwangwanin Mato

A ofishinmu, can bayan Kasuwar Dole,
inda fanka ke juyawa in wuta ta ga dama,
akwai wani gwangwanin madara
a kan teburin bakin ƙofa.
Mato mai gadi ne ya tsaga masa baki da wuƙa,
ya roƙi Habsu mai buga takardu ta rubuta a jikinsa:
Abin da ya sawwaƙa.

Mun yi dariya ranar.
Tsayabu direba ya ce, wata ya yi nisa, Mato,
ka kawo roƙo gidan maroƙa.
Ni ban ce komai ba.
Ni ke riƙe da littafin albashi,
na san na kowa har dalar ƙarshe,
na san na Mato ne a can ƙasan shafi,
inda alƙalami ba ya daɗewa.

Amma kowace safiya, in ya miƙa makullai,
idonsa ja saboda kwanan zaune,
sai in ji ƙwal!
Dala biyar ta faɗa cikin duhu.
Ba ya waiwaye.
Ya tura kekensa ya nufi Garin Malam.

Bazara ta zo, duwatsun Birni suka ɗau zafi,
famfo ya yi shiru kwana tara,
'yan garuwa suka ƙara wa jarka kuɗi.
A makon nan ne Iya Gaptiya,
mai kunun da muke sha bashi a bakin ƙofa,
ta daina zuwa.
Muka yi ta cigiyar kunu,
ba wanda ya yi cigiyar mai shi
sai Mato.

Jikanta ne a kwance asibiti.
Takardar magani ta ce jikka tara.

Ni aka ba gwangwanin, ni ne mai lissafi.
Na zazzage shi a kan teburina,
na jera dala bisa dala.
Akwai ɗari biyar a naɗe kamar laya, na san ninkin Habsu.
Akwai wata tsohuwar takarda mai warin man mota.
Ashe Tsayabu, da bakinsa duka,
yana sakawa in ba kowa.
Jikka bakwai da 'yan kai.
Na sake ƙirgawa, ko zan ci karo da tawa.
Yatsuna sun san gaskiya tun kafin in gama.

Jikka biyun da suka rage,
su ne tsiren da na ci jiya da shekaranjiya
a tsaye, ina kukan tsadar rayuwa.

To, abokan aiki,
ku da muke shan shayi a kofi guda,
muke rabon inuwar dogon yaro guda da azahar,
ban zo da wa'azi ba, ban kai nan ba.
Na cika gibin ranar, kaina a sunkuye,
kuma ban ji aljihuna ya yi rami ba.

Kada ku jira ƙarin girma.
Kada ku jira sai rumbu ya cika,
wanda bai bayar daga mudu ba
ba zai bayar daga buhu ba.
Canjin da mai kabu-kabu ya maido maka,
wanda ke yawo a aljihu har wanki ya cinye shi,
ka san akwai wanda yake jira.
Ba a rubuta suna, ba a kiran taro,
maigida ma bai san nawa ke ciki ba.

Iya Gaptiya ta dawo ran Litinin.
Ba ta san ko su wa ba ne,
sai ta cika wa kowa kofi har baki.

Gwangwanin yana nan inda yake.
Ya ɗan yi tsatsa a gefe.
In za ka wuce gobe da safe,
ɗaga shi ka ji nauyinsa.