Saɓa

Ni na tuƙa masa kwalekwale shekara goma sha tara,
daga Mai Wurno har gindin madatsar Sinnar.
In za a ba da labarin Dakta Mudassir wad Jibo,
a fara jin nawa.

Mutanen gari sun ce asiri ne.
Ni da na ɗauki kayan, ban ga laya ba:
sanda ce mai baki biyu, da buhun yadi,
da haƙurin da damo zai zo ya ɗauki karatu.

Yana shekara takwas
kububuwa ta sari yayarsa Zulai a gonar riɗi.
Aka ɗaure, aka tsaga, aka ɗora baƙin dutse,
jini ya ƙi tsayawa, har ta dasashi.
Kwana uku.
Da wani yaron ne, da ya tashi da gora yana neman fansa.
Shi da tambaya ya tashi.
Ita ta kai shi Hartum,
ta dawo mana da shi da tabarau
da takalmin da ya kai gwiwa.

Yakan miƙe mesa bisa tabarma,
ni riƙe da wutsiya ina ta salati,
shi yana ƙirga ɓawon cikinta ɗaya bayan ɗaya
kamar mai jan carbi.
In na yi tari, lissafi ya ɓace,
ba tsawa, ba tsaki,
ya dube ni ta saman tabarau, ya sake daga kai.

Da dare mu haska ruwa,
idanun kadoji su kama kamar garwashi.
Akwai wata tsohuwa a tsibirin yashi
da ya raɗa wa suna Hajja Sakina.
Wata uku take gadin ƙwanta, ko abinci ba ta nema.
Ya tsoma ma'aunin zafi a ramin, ya ce,
"Ilu, ɗumin nan ke yanke mace ko namiji."
Na ce, "Allah ke yankewa, Dakta."
Ya ce, "To, da yashi Yake yankewa."

Kasa ta karɓe masa manuniyar hagu.
Bai zage ta ba.
Ya ce shi ya shiga mata gida ba sallama.

Dafi kuwa tatsarsa yake, ɗigo-ɗigo a ɗan kofi,
ya tura cikin ƙanƙara, ya bi da wasiƙa,
wasiƙa ta bi wasiƙa, ana ce masa sai baɗi.
Furfura ta riga maganin isowa.
Amma ya iso, 'yan kwalabe shida a firjin asibiti.
Kakar nan aka kawo wata yarinya bisa amalanke,
daga yankan riɗi ita ma, ƙafa kamar turmi.
Ranar Laraba ta koma gida da ƙafarta.
Dakta ya zaga bayan asibiti, ya daɗe.
Da ya fito yana goge tabarau,
ban tambaye shi ba.

Tsufa ta ido ya shigo masa.
Na je gaisuwa, ya lalubi hannuna yana dariya:
"Ka manta? In maciji zai yi saɓa
idonsa ke fara yin hazo."

Da damina ya tafi, a kan gadonsa na igiya,
ba sara, ba cizo,
zazzaɓin kwana biyu irin na kowa.
Littattafan aka kwashe zuwa jami'a.
Ni sandar aka bar wa, tana nan bayan ƙofa,
matata na sauko da tufafi daga igiyar shanya da ita.

Jiya na bi ta maƙabarta
na ga saɓa maƙale a ƙayar shinge,
fara, ba nauyi, iska na shiga ta baki tana fita.
Na tsuguna na shimfiɗa ta a gwiwa.
Na kai ɗari da arba'in da wani abu
sai tari ya zo min.

Na waiga. Ba kowa.
Na sake daga kai.