Abin da Na Ciro a Tumbi

Shekara talatin da ɗaya wuƙata na karatu
a mahautar Aliero, tun rana ba ta wanke ido ba.
Cikin dabba ba ya ƙarya.
Wadda ta ci harawa, tumbinta zai faɗa,
wadda ta sha dusa da kanwa, kitse ne shaidarta.

Wata safiya Jaɓɓo ya jawo farar saniyarsa,
ƙashi da fata, ciki kamar randa.
Ya ce sammu ne. Na ce mu gani.
Na tsaga.
Ba ciyawa, ba tsutsa, ba laya.
Dunƙule ne baƙi, ya murɗe kamar gammo:
ledar ruwa, ledar burodi, zaren buhun taki,
har da hancin silifa na ƙaramin yaro.
Sikeli ya ce kilo tara.
Jaɓɓo ya juya baya
yana gyaran malafar da ba ta karkace ba.

Da dare na ba da labari a bakin akushi.
Luba ta tsame hannu daga tuwo.
"Baba, ina ka yar da shi?"
'Yar mahauci, ga hanta ga ƙoda a gidansu,
tana roƙon abin da ungulu ta ƙi.

Ta wanke shi ruwa bakwai, ta shanya a kan danga,
maƙwabta suka rufe taga.
Ta yayyanka da almakashin uwarta,
ta hau kabu-kabu da shi zuwa makarantarsu.
Can, in ji ta, akwai tandar da ake hana wa iska,
zafi ba harshen wuta.
Sau uku aka ɗauke lantarki, tanda ta huce.
Sau uku ta dawo, ta kwanta da takalminta.

A na huɗu ta zo da kwalba,
ba ta kai ta turaren Juma'ata ba,
da baƙin gari a gindi.
Na ce, kwalli?
Ta ce, nano.
Na ce, nono na sani, Jaɓɓo ma ya sani,
wannan kuwa ba a dama fura da shi.

Ba sallama ta tsinke gashi ɗaya a gemuna.
"Tsaga wannan gida dubu, Baba,
ka ɗauki ɗaya ka sake tsagawa.
To, a nan nake aiki."
Ni da ake yabon yankan kilishina
har a hangi rana ta cikinsa,
na dubi wuƙata, na mayar kube.

Ta ɗebo ruwan marina, shuɗi har da kumfa,
ta barbaɗa garin, ta girgiza, ta tace.
Ya ɗiga fari tas.
Na miƙa hannu, ta janye kofin.
"Ba yanzu ba. Ido bai isa shaida ba, saura gwaji."
Nan na san ba boka na haifa ba.
Da boka ne, da ya ce shanye.

Yanzu akwai buhu ƙarƙashin teburina,
yarana sun san abin da ake jefawa.
Kwalbarta ɗaya ce,
kasuwa kuwa na haihuwar leda kamar fara.
Ban iya wannan lissafi ba.

Ɗazu wata ta sayi rabin kilo da gyaran ƙashi.
Hannuna ya tafi inda ya saba,
ya zaro baƙar leda, na hura mata baki, ta buɗe.
Na tsaya da ita a hannu,
saniyar gobe tana tuƙa a turke, tana kallona.
"Malam, sauri nake," in ji matar.
Na ƙulla mata.
Na ce, in kin juye,
aiko yaro ya maido mini.